Wa zai biya kuɗin ɗab'i a kasuwar littafin Kano?

A rumfunan littattafai na Sabon Gari da Kurmi a Kano, ana jera littattafan hikaya ɗauri-ɗauri, bango mai launi a sama, mai saye ta duba sunan marubuciya kafin ta taya. Yawancinsu masu rubuta su ne suka biya kuɗin buga su. Abin ya kankama ne bayan tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya karkata ga littattafan makaranta. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, ba su zauna jiran kamfani ba, kuma da sun jira da an yi asarar zamani guda na adabin Hausa. Don haka a Kano biyan kuɗin ɗab'i ba abin kunya ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan littafi ya baro maɗaba'a. Mai maɗaba'a kuɗi hannu yake karɓa, shi kuwa ɗan kasuwa bashi yake ɗauka, sai an sayar ya biya, sau da yawa ma a gutsuttsure. Jarin marubuci ya kwanta a rumfar wani, ƙura na cin bangon. Wannan na cikin dalilan raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku: cinikin na farko ke buga na gaba. A ganina, kada marubuci ya zuba kuɗinsa sai ya san hannun da zai kai littafin Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, ya kuma ga alamar akwai masu jiran sa.

Za a ce sayar wa ɗan kasuwa labarin kacokan ya fi kwanciyar hankali. Haka ne, amma ran da littafin ya karɓu aka sake buga shi, ribar ba ta marubuci ba ce. Wasu kuma za su ce waya ta kashe takarda, tunda marubuta na sayar da labari babi-babi a WhatsApp. Wannan ma hujja ce gare ni: a nan ake gwada labari ba tare da sayen takarda ba, wadda ta tara ɗaruruwan masu biya tana iya zuwa maɗaba'a da lissafinta a hannu. Abin da ba na yarda a yi wa ƙwauro shi ne kuɗin mai gyara, domin kurakuran rubutu na cikin abubuwan da suka ba masu sukar adabin kasuwar Kano bakin magana.