Duwatsun Da Ke Kwalliya Da Dare

Jama'ar Ƙofar Jatau da kewaye, ku matso. Tsarabar yau ta masu tara duwatsun da ke ƙyalli cikin duhu ce, waɗanda ba sa nuna launinsu sai an haska musu fitilar UV, dangin wadda 'yan canji ke gane jabun kuɗi da ita.

Cikin ma'adinai sama da 5,000 da aka sani, kusan 500 ne kawai ke wannan ƙyalli. Sauran ko a kwana ana haska su, ko gezau!

Sau da yawa ɗan gurɓi ne ke jawo abin: kalsayit tsantsa shiru yake, amma da ɗan manganis ya shige shi sai ya yi ja jawur. Wani aibin ado ne.

Garin Franklin na jihar New Jersey a Amurka shi ne babbar kasuwar wannan harka, don tsoffin ramukan haƙarsa sun ba da irin waɗannan ma'adinai kusan 90. Da rana tsibin tsakuwa, da dare gidan biki.

Masu neman tangistin kan fita da fitila bayan duhu ya yi, saboda dutsen shilayit, wanda ke ɗauke da shi, shuɗi yake haskawa. Ga ma'adinin da ke tona asirin kansa.

Hakmanayit na Afganistan da Girinlan kan rikiɗe ya yi shunayya idan ya sha UV, ya koma ya koɗe a farin haske, kuma a maimaita ba gajiya. Hawainiya ta samu kishiya.

A 2017 aka gano cewa wasu duwatsu masu ruwan toka a bakin tafkin Superior suna haskawa tamkar garwashi. Shekaru aru-aru ana taka su ba a sani ba!

Shahararren shuɗin daimon ɗin nan mai suna Hope da ke Washintan kan ci gaba da haskawa ja bayan an kashe fitila. Mai kuɗi ba ya barin fage da wuri.

Mu dawo gida: zirkon, wanda ake samu tare da kuza a Jos, yakan haska ruwan ɗorawa. Abin nema ashe yana maƙwabta.

Ba ka da fitila? Goga fararen duwatsun ƙanƙara biyu da ƙarfi a ɗaki mai duhu, za ka ga walƙiya a cikinsu. Ba batir, ba kuɗin wuta.

Mai yawon haska duwatsu a gindin ganuwar Zazzau ya kula, don kunama ma tana haskawa kore shar. Wannan kam ba ta shiga aljihu!

Farar shaddarka ma za ta ɗau shuɗin haske, albarkacin sinadarin ƙara fari da ke cikin garin sabulu. Mai neman dutse ya fi dutsen ƙyalli.

Masu abin kan rubuta wa kowane dutse inda aka tsinto shi, domin wanda ba a san garinsu ba darajarsa faɗuwa take. Har a duwatsu ana tambayar asali.

Wanda abin ya burge ya fara da ƙaramar fitila da tsakuwar ƙofar gida, ya sa takalmi sau-ciki, kuma kada ya kuskura ya kalli fitilar kai tsaye, don tana lahanta ido. Sai mun ji abin da kuka tsinto.