Beli: Abin da Ake Faɗa da Abin da Doka ta Ce

Da zarar an kama mutum, sai shawarwari su yi ta zuwa wa danginsa ta ko'ina, yawancinsu kuwa ji-ta-ji-ta ne. Wadda ta fi cutar talaka ita ce wai sai an biya kuɗi ake samun beli a caji ofis. Babu dokar Najeriya da ta sa wa belin 'yan sanda farashi. Abin da ake karɓa a can cin hanci ne, ko da wane suna aka kira shi.

A kotu ma ana ruɗewa. In alƙali ya ba da beli a kan naira miliyan ɗaya, yawanci ba ana nufin a ƙirgo kuɗin nan take ba. Alkawari ne mai tsayawa yake sa wa hannu. Amma masu cewa tsaya wa wani na da haɗari sun yi gaskiya: in wanda ake tuhuma ya tsere, kotu na iya ƙwace wannan adadi daga mai tsaya masa. Don haka kada a tsaya wa wanda ba a san halinsa ba saboda kunya.

Wai mace ba ta karɓar beli? Sashe na 167 na dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya hana a ƙi ta don kawai ita mace ce. Abin takaici ne a ga uwa ko mata na yawon neman namijin da zai sa hannu, alhali ta cika sharuɗɗa.

Kama uba a madadin ɗansa da ya gudu haramun ne a Dokar 'Yan Sanda ta 2020, haka ma kama mutum a kan bashi zalla. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya, in akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Gaskiya ne ba kowane laifi ake saurin ba da belinsa ba. In tuhumar ta kai ga hukuncin kisa, sai Babbar Kotu, ita ma da ƙwaƙƙwaran dalili. Kuma wanda aka gani a unguwa bayan beli ba sallamarsa aka yi ba, ba kuma lallai sayen alƙali ya yi ba. Shari'arsa na nan, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ne ya ce a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar da laifin a gaban kotu.