Fataucin Zaren Saƙa: Daga Katsina Zuwa Kano

Da yawa daga cikin ɗalibanmu mata sun san ni da jakar ulu fiye da yadda suka san ni da alli. Duk lokacin da hunturu ya matso sukan tambaye ni, "Malama, wai daga ina kike samo zaren nan, kuma me ya sa wani ya fi wani tsada?" Na ga ya kamata in amsa a cikin littafin nan na shekara, domin iyaye da 'yan'uwa na ikilisiya su ma su karanta.

Da fari dai, ƙasar Katsina ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni, musamman wajen Funtuwa, Malumfashi da Bakori. Iyayenmu mata sukan gurje auduga da magurji su fitar da angurya, su shiɓe ta da baka, sa'an nan su zauna da mazari da taskira suna kaɗi, suna dangwalar alli don kada yatsa ya yi santsi. Siririn zare shi ake kai wa masaƙa, mai kaurin kuwa shi ne abawa. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, da ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu. Daga baya Turawan kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, suka kakkafa injinan gurzar auduga, aka kuma buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna a 1957. Amma aka rushe hukumar sayen auduga a 1986, manyan masaƙun Kaduna kuma suka yi ta rufewa bayan shekara ta 2000.

Saboda haka abin da muke kira ulu a yau, yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne, ba kuma auduga ba. Zaren roba ne da ake kira akirilik, wanda ake yi daga sinadaran man fetur, aka fara sayar da shi a Amurka a 1950. Ba na kushe shi. Yana da araha, ba ya zuba idan an wanke, asu kuma ba ya cinsa. Sai dai mai saye ta san abin da ta saya. Ga yadda ake ganewa: a yanki ɗan guntu a kusantar da shi ga ashana. Na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Na gashin tunkiya zai yi ƙaurin gashi, tokarsa ta murmushe a hannu. Auduga kuwa ƙaurin takarda take yi. (Ɗalibai, a gaban malama ake wannan gwaji, ba a ɗakin kwana ba.)

Ana samun ulu a Babbar Kasuwar Katsina, amma mai son sari Kano za ta. Tafiyar kusan kilomita 170 ce, kuma idan aka yi sammako ana iya komowa a ranar. Kantin Kwari ta fi suna wajen atamfa da yadi, shi ya sa ni Kasuwar Sabon Gari nake fara shiga, wurin masu kayan ɗinki. A can ake samun kibiyar saƙa da kwarashi, lamba-lamba. Zare mai kauri yana son kibiya mai kauri. Wadda ta haɗa siririn zare da babbar kibiya za ta saƙa abin da ya fi kama da ragar kamun kifi.

A wannan kasuwa na koyi darasin da ya ci mini kuɗi. Wata shekara na karɓi aikin rigunan sanyi guda 12 na 'yan mawaƙan wata ikilisiya, launin ja mai duhu. Kuɗina bai kai ba, sai na sayi rabin zaren, na ce zan komo. Bayan mako 3 na koma shagon, mai shagon ya ba ni irinsa, suna ɗaya, lamba ɗaya. A cikin shago ban ga bambanci ba. Sai da aka haɗa hannuwa da jikin riga aka fito rana, muka ga ja iri biyu. Dalili kuwa, a masana'anta ana rina zare tukunya-tukunya ne, kuma tukunya biyu ba sa fitowa daidai, kamar dai yadda marinan Ƙofar Mata za su gaya muku game da baba. A jikin takardar ƙunshin akwai lambar launi, akwai kuma lambar rini, ni kuwa ta farkon kaɗai na duba. Riguna 5 na warware, kuma ribar aikin duka ta tafi wajen sayen sabon zare.

Inda na fi ciniki shi ne taron Zumuntar Mata. Bayan addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, da rana akan zauna a inuwa, kowace da saƙarta. An sha tuna mana da Dokas ta cikin Ayyukan Manzanni sura 9, wadda gwauraye suka nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. A irin wannan zama nakan shimfiɗa tabarma in baje kaya, amma abin da nake samu ya wuce kuɗi. A nan na gane cewa matan Jos da Kagoro sun fi neman zare mai kauri saboda sanyinsu, mu kuwa a Katsina kayan jarirai ne ke tafiya: hula, safa da mayafi. Ulu kasuwarsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ce. Wadda ta sari kaya da yawa a Janairu, za ta zauna da su har bazara ta wuce.

A taron bara wata tsohuwa daga wajen Malumfashi ta zo da zaren da ta kaɗa da hannunta. 'Yan mata suka kewaye ta, domin yawancinsu ba su taɓa ganin mazari yana juyawa ba. Na saye abin da ta kawo duka, muka gwada shi da kwarashi, ya yi kyau ƙwarai wajen abin rufe kwano da shimfiɗar tebur, ko da yake bai dace da rigar sanyi ba. Mazarin da ta ba ni yana ɗakin koyon aikin gida, duk ɗalibar da ke son gwadawa ta same ni ran Laraba bayan an tashi.