Ba Tauraro Ne Ke Faɗuwa Ba

Duk mai gadin da ke kwana a waje a Ikko ko Badun ya sha ganin wani haske ya tsaga sama da dare, kafin ƙiftawar ido ya ɓace. A gida Arewa sai a ce tauraro ya faɗi. To, masana sun ce ba tauraro ba ne. Tsakuwa ce, sau da yawa ba ta wuce ƙwayar gero ba, ta faɗo cikin iskar duniya da gudun da ya zarce mil 7 a daƙiƙa guda, ta ƙone tun tana kamar mil 60 daga ƙasa.

Turawa sun ba abin suna uku. Muddin yana yawo a sararin samaniya, mitiyoroid ne. Hasken da yake yi in ya shigo iska, mitiyo. Wanda ya tsira daga ƙuna har ya dira ƙasa, mitiyorait. A 2017 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yanke cewa wanda faɗinsa ya wuce mita 1 ya fita daga sahun na farkon. Malamai suna kiran hasken shihabu, daga Larabci. Tauraruwa mai wutsiya kuwa daban take, ita takan yi makonni ana ganinta. Amma dutsen da ya faɗo ɗin, har yanzu Hausa ba ta tsayar masa da suna guda ba, abin mamaki, alhali a ƙasar Hausa ya sha faɗowa.

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi a Zagami cikin Lardin Katsina yana korar hankaki a gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kilo 18 ya nutse a ƙasa dab da shi. Daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mas ya fito. Wani ya faɗo a Mayo Belwa a 1974, wani a Gujba a 1984, wanda jama'a suka farfasa.

Wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023, mai nauyin kusan kilo 25, shi ma daga Mas, an yi gwanjonsa a Niyok ta Amurka a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka yi ya bar ƙasar.