Sojojin Waje da Aikin Agaji: Wa Ke Riƙe da Ragama?

Babbar matsalar kwanakin farko bayan girgizar ƙasa ko ambaliya ita ce hanya. Ana iya jibge shinkafa da magunguna a filin jirgin sama har su yi tsauni, alhali a nisan kilomita 50 mutane na mutuwa saboda gada ta karye. Wannan giɓin ne sojojin ƙasashen waje suke zuwa cikewa, domin su ne ke da manyan jiragen ɗaukar kaya, da jirage masu saukar ungulu, da injiniyoyin gada, da asibitin da ake kafawa cikin tanti, kuma duk suna iya tashi cikin sa'o'i kaɗan.

An ga haka ƙarara a lardin Aceh na Indonesiya bayan igiyar ruwa ta tsunami ta ranar 26 ga Disamba, 2004, wadda ta kashe kusan mutum 230,000 a ƙasashen da ke bakin Tekun Indiya. Ruwan ya share hanyar gaɓar yamma da ta haɗa Banda Aceh da Meulaboh, har da gadojinta. A farkon Janairun 2005 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Abraham Lincoln ya tsaya daura da gaɓar, jiragensa masu saukar ungulu suka riƙa kai ruwan sha da abinci ƙauyukan da aka yanke, su dawo da masu raunuka. Sojojin Singapore kuwa suka buɗe wurin sauke kaya ta ruwa a Meulaboh. Babu wata ƙungiyar agaji da ke da kayan yin wannan aiki a makon farko.

Duk da haka, da zarar an nuna hoton sojan waje yana sauke buhuna, sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce mamaya ce aka lulluɓe da mayafin taimako. Wasu kuma, waɗanda suka gaji da jan ƙafar farar hula, su ce a damƙa wa soja komai har rabon abinci, tunda shi ba ya wasa. Ɓangarorin biyu sun ɗauka sojan da ya zo shi ne mai gida, kuma a nan kuskuren yake.

Akwai ƙa'idojin da aka tsara a birnin Oslo a 1994, aka sabunta su a 2006 da 2007, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da su. Sai ƙasar da bala'in ya shafa ta nema ko ta amince kafin sojan waje ya shigo. Ana kiransa ne idan babu farar hular da za ta iya aikin a kan lokaci. Ana so ya zo ba makami, cikin kakin ƙasarsa, ƙasar da ta aiko shi ta ɗauki nauyin kuɗinsa, kuma tun farko a san lokacin da zai janye. Tsaron wurin yana wuyan gwamnatin ƙasar. Ƙa'idojin sun kuma raba aikin hawa uku: miƙa kaya hannu da hannu ga mabuƙata, jigilar kaya da ma'aikata, sai gyaran hanya da filin jirgi da wutar lantarki. An fi son soja ya tsaya a hawa biyu na ƙarshe. Matuƙin jirgi ya san nauyin da zai iya ɗauka, amma bai san wace bazawara ce aka tsallake a jerin sunaye ba, kuma buhun da aka cillo daga sama mai ƙarfi ne ke kwashe shi.

Waɗannan ƙa'idoji ba doka ba ce da ake hukunta wanda ya karya, amma ikon ƙasa na cewa a'a gaskiya ne, wani lokaci ma mai tsada. Guguwar Nargis ta afka wa Myanmar a watan Mayun 2008, kimanin mutum 138,000 suka mutu ko suka ɓace. Jiragen ruwan sojan Amurka da na Faransa sun zo daf da gaɓa maƙare da kaya, gwamnatin mulkin soja ta hana su sauke shi. Na Faransa ya je ya sauke kayansa a Tailan, na Amurka suka juya a watan Yuni. Indonesiya ma, da yake tana yaƙi da 'yan awaren Aceh a lokacin, ta bayyana cewa tana son sojojin waje su fice kafin ƙarshen Maris na 2005. Mai mamaya ba ya jiran izini, ba a kuma ba shi wa'adi.

Inda damuwar masu tsoro take da tushe shi ne a kan wanda ke tsara layi. Haiti ce ta koya wa duniya wannan darasi. Girgizar ƙasar 12 ga Janairu, 2010 ta rusa fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu, ta lalata tashar jiragen ruwa, ta kuma ruguza hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a Port-au-Prince, inda shugaban tawagar, Hédi Annabi, ya rasu. Waɗanda ya kamata su tsara aikin su kansu suna ƙarƙashin ɓaraguzai. Filin jirgin sama yana da titin sauka guda ɗaya, hasumiyarsa kuma ta daina aiki. Sojojin saman Amurka suka kafa teburi a kan ciyawa kusa da titin, suka riƙa ba jirage umarni da rediyon hannu, gwamnatin Haiti kuma ta miƙa musu kula da filin. Cikin 'yan kwanaki jiragen da ke sauka suka haura 100 a rana.

Amma filin ya zama kamar siririyar gada a ranar kasuwa: wanda ya tsaya a bakinta shi ke yanke hukuncin motar da za ta wuce da wadda tumaturinta zai ruɓe a layi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta koka cewa an karkatar da jiragenta da dama zuwa Jamhuriyar Dominika, ciki har da wanda ke ɗauke da asibitin da ake hurawa da iska, sai ta mota aka ƙaraso da kayan, a lokacin da ake yanke ƙafafun mutane saboda raunuka sun ruɓe. Soja a ɗabi'arsa yana fara shigo da dakarunsa da kayan tsaro. Sai da aka zauna da Hukumar Abinci ta Duniya aka tsara yadda jiragen agaji za su riƙa samun fifiko. Shugaban Venezuela na lokacin, Hugo Chávez, ya kira abin mamaya, alhali ainihin laifin shi ne rashin wata hukumar farar hula mai ƙarfi a bakin gadar tun ranar farko.

Shi ya sa ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya ke tura jami'ai na musamman da aikinsu shi ne shiga tsakanin soja da ƙungiyoyin agaji. Ƙungiya ta rubuta buƙatarta, misali tan kaza na magani zuwa gari kaza, a tantance muhimmancinta, a duba ko jirgin haya zai iya, idan ba zai iya ba sai a miƙa wa soja. Bayan guguwar Haiyan ta Nuwamban 2013, da sojojin ƙasashe fiye da 20 suka je Filifin, rundunar ƙasar ce ta kafa cibiyar haɗin gwiwa a Manila, baƙin suna karɓar aiki daga wurinta.

Ba a ce ƙasashen da ke aiko soja don Allah kaɗai suke yi ba. Binciken cibiyar Pew ya nuna masu kallon Amurka da idon rahama a Indonesiya sun tashi daga kashi 15 cikin 100 a 2003 zuwa kashi 38 a 2005. Dakaru na samun atisaye, gwamnati na samun suna. Akwai kuma haɗari na zahiri: kwalarar da ta ɓarke a Haiti a Oktoban 2010, ta kashe kusan mutum 10,000, an gano ta fito ne daga sansanin dakarun kiyaye zaman lafiya 'yan Nepal, sai a Disamban 2016 babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi afuwar mutanen Haiti.

Afirka ma ta ɗanɗana amfanin wannan aiki. A ambaliyar Mozambik ta 2000, jiragen sojan saman Afirka ta Kudu sun ceto fiye da mutum 14,000 daga kan bishiyoyi da rufin gidaje. Da guguwar Idai ta daki birnin Beira a Maris na 2019, jiragen ruwan sojan Indiya uku na cikin waɗanda suka fara isowa. Abin takaici shi ne gwamnatoci da yawa a nahiyar suna ware wa tsaro maƙudan kuɗi kowace shekara, amma ranar da ruwa ya ci gari sai a rasa jirgi mai saukar ungulu da zai tashi. Ƙasar da ba ta da hukumar agajin gaggawa mai aiki, ba ta kuma tsara tun kafin bala'i wanda zai karɓi baƙi ya raba musu aiki ba, ita ce ta bar wa sojan waje ragamar da hannunta.