Yadda Kashi Da Fitsarin Shanu Ke Zama Abincin Ciyawa

Duk wanda ya san wurin kiwo irin na tsaunin Mambila a jihar Taraba, zai lura cewa ciyawa ba ta yin kore bai ɗaya. Inda saniya ta yi fitsari ko kashi, bayan 'yan makonni sai wurin ya fi ko'ina tsawo da duhun ganye. Dalilin haka nake so in bayyana wa mai karatu a wannan 'yar maƙala.

Sinadarin da ke kawo wannan kore shi ne naitirojin. Saniya takan same shi a cikin ciyawa, amma kaɗan ne yake zama nama da nono, mafi yawansa yakan fita ta fitsari da kashi. Sai dai kafin saiwa ta amfana da shi sosai, dole a sarrafa mata shi. Masu wannan aiki wasu halittu ne a cikin ƙasa waɗanda ido ba ya iya gani. Akan fassara su da "ƙwayoyin cuta", amma a ganina mu ɗaliban harshe ya kamata mu sake duba wannan fassara, domin waɗannan ba cuta suke kawowa ba.

Rukuni na farko su ne ke farfasa yuriyar da ke cikin fitsari ta koma amoniya cikin 'yan kwanaki. Ita ce zarnin da ake ji a garke, wato wani kaso ya riga ya bi iska ke nan. Kashi kuwa yakan ɗauki watanni yana ruɓewa. Daga nan sai Nitrosomonas ta mai da amoniya naitirait, Nitrobacter kuma ta ƙarasa shi zuwa naitiret. Masanin nan Sergei Winogradsky ne ya ware irin waɗannan halittu a wajajen 1890, kuma a 2015 aka gano cewa wasu Nitrospira kan yi matakan biyu su kaɗai.

Ciyawa na shan naitiret cikin sauƙi, amma shi ba ya kama ƙasa. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya wanke shi zuwa rafi. Idan kuma ƙasa ta jiƙe sharkaf har iska ta ƙare a cikinta, wasu halittun sai su koma numfashi da naitiret, su mai da shi iskar gas. Daga ciki akwai naitiros okisaid, wadda ta ninka iskar kabon wajen ɗumama duniya sau fiye da 250. Shi ya sa idan garke ya daɗe wuri guda da damina, shanu na tattake laka, taki mai yawa yakan salwanta kafin ciyawa ta same shi.