Babur Ko Sikuta: A Fara Tambayar Hanya

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, hirar malamai a ofishin makarantarmu ta koma kan abin hawa. Litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa. Waɗansu magidanta sun ajiye motocinsu sun koma ƙafa biyu. Waɗansu kuwa, irina, da ma a kan babur muke, sai dai shekaru sun fara ja, gwiwa ta fara ƙorafi. Sai zancen sikuta ya taso, watau mashin ɗin nan mai faffaɗan wurin ajiye ƙafa a gaba, wanda mutanenmu sukan kira kowane irinsa da sunan Vespa.

Wani abokin aikina ya yi shekara uku yana zuba adashi. Da kwasarsa ta matso, ya zo mini da hoton wata ƙatuwar sikuta ta hannu da aka shigo da ita daga Turai, ya ce, "Malam, me ka gani?" Amsar da na ba shi ita ce nake so in shimfiɗa a nan, gama kuɗin shekara uku ba abin wasa ba ne a gidan mai iyali.

Daga ina ta fito?

Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fitar da Vespa a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya tsara ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne, kuma ba ya son babur. Saboda haka ya ɓoye injin a baya, ya kawar da sarƙar da ke ɓata tufafi, ya sa garkuwa a gaban ƙafafu. Ma'anar sunan da Italiyanci kuwa zanzaro. Shekara guda bayan haka, a 1947, kamfanin Innocenti ya fito da kishiyarta Lambretta. Daga baya Indiya ta karɓi sana'ar, kamfanin Bajaj ya fara yin Chetak a 1972.

A ƙasarmu, dattawa suna tuna shekarar 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a zamanin Janar Yakubu Gowon. Malamai da akawuna da ma'aikatan asibiti da yawa a lokacin ne suka sauka daga keke. Mahaifina yana cikinsu. Ya fi shekara goma sha biyar yana hawan Vespa, babbar rigarsa ba ta taɓa shiga sarƙa ba. Amma fa a cikin gari yake aiki, daga kwalta sai kwalta.

Manyan sikutoci, irin wadda abokina ya gani, 'yan baya-bayan nan ne. Yamaha TMAX ta fito a 2001, Honda Silver Wing ma a shekarar, Suzuki Burgman 650 kuma a 2002. An yi su domin mutanen Turai da Japan masu doguwar tafiya a kan titi mai santsi.

Amfaninta

Kada mu zalunce ta. Mai hawan sikuta ba ya ɗaga ƙafa ya tsallake tanki, sai dai ya shiga ya zauna kamar a kujera. Wannan alheri ne ga dattijo, da mai ciwon ƙugu, da uwargida mai ɗaure da zane. Garkuwar gaba tana tare taɓo da iskar hunturu. A ƙarƙashin sirdi akwai ma'aji mai ɗaukar littattafan yara ko cefanen gida. Sababbin kuwa ba su da giya ba su da kuloci, bel ne a ciki yake wannan aiki da kansa. Wanda ya taɓa shiga cunkoson Rijiyar Lemo ko Kurna da la'asar, yana matsa kuloci har hannu ya sage, ya san darajar wannan.

Abin da hanyarmu ta ce

To, amma mu dubi inda muke. Dawanau tana bakin titin Kano zuwa Katsina, cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, kasuwarta ta hatsi kuwa ta shahara har ƙasashen maƙwabta. Titin kwalta ne, manyan motoci masu dakon wake da riɗi da zoɓo ba sa yankewa a kansa. Amma da zarar ka ratse domin zuwa ƙauyukan da ke kewaye, sai burtali tsakanin gonaki: yashi da rani, taɓo da zaizaya da damina.

A nan ne girman taya yake magana. Tayar babur irin su Boxer da CG 125 inci 17 ce ko 18. Ta Vespa PX, wadda ta fito a 1977, inci 10 ce, na manyan sikutoci kuwa yawanci tsakanin 13 da 15. Babbar taya takan haye rami, ƙaramar kuwa sai ta faɗa ciki. A cikin yashi ƙaramar taya nutsewa take yi, kan mashin ya riƙa kaɗawa. Ga shi kuma yawancin sikutoci nauyinsu a baya yake, gaba ba nauyi, cikinsu kuma kusa da ƙasa, kowace kunya sai ta goge shi. A kan babur kakan matse tanki da gwiwoyi ka mallake shi. A sikuta ba abin da za ka matse.

Na koyi wannan da jikina. Wata ranar Asabar cikin watan Maris na ari sikutar wani ɗan'uwa, na nufi gona. A kan kwalta har ina waƙa. Da na ratse na shiga yashi, kai ya fara rawa, sai hannuna na hagu ya damƙi abin da ya saba damƙa shekara ashirin. A babur kuloci ne a wurin. A sabuwar sikuta birkin baya ne. Ban ankara ba sai ga ni a ƙasa, ga yara masu kiwo sun kewaye ni suna "Sannu Malam, sannu Malam." Allah ya taƙaita, gwiwar hannu kaɗai na kurje. Amma da a tsakiyar manyan motocin kasuwa ne, da labarin ya sha bamban. Duk mai niyyar sauyawa, ya sami fili ya yi kwanaki yana koya wa hannunsa sabon aiki kafin ya hau titi.

Babba ko ƙarama?

Burgman 650 ta fi kilo 250 nauyi, watau ta ninka baburan da muka saba hawa har da ɗoriya. In ta kwanta a cikin yashi, mutum ɗaya da ƙyar zai tashe ta. Wajen mai kuwa, injin da ya kai 500 ko 650 yakan sha ninkin abin da ɗan babur mai lamba 100 yake sha, ko fiye. Wanda tsadar fetur ta kora, in ya saye ta, ya gudu ne bai tsira ba.

Sa'an nan ga batun gyara. Babur irin na kowa, in ya tsaya maka a Bichi ko a Tofa, za ka sami bakanike a gindin bishiya, da fulogi da sarƙa da wayar birki a rataye. Babbar sikuta kuwa da ruwa ake sanyaya injinta, yawancinsu kuma ba su da kabureta, na'ura ce take auna musu mai. Bel ɗinta yana da ranar sauyawa, ƙura tana rage masa kwana, in ya tsinke kuwa ba a ɗaure shi. In batir ya mutu, ba ta tashi da turi. Robobin jikinta, in sun fashe, sai an yi cigiya a birni, wani lokaci har Ikko.

Akwai kuma na tsakiya, wanda muke kira roba-roba. Asalinsa Honda Super Cub ce ta 1958, wadda a 2017 aka cika miliyan 100 da ƙerawa, ba wani abin hawa mai inji da ya kai ta yawa. Tana da sauƙin hawa kamar sikuta, ba kuloci a hannu, amma tayarta inci 17 ce kamar ta babur. Ba ta da kwarjini, buhun taki biyu kuwa ya fi ƙarfinta. Amma tana shiga burtali, kowane bakanike kuma ya san cikinta.

Tambayoyi huɗu kafin a biya

Na ce wa abokina ya zauna da maiɗakinsa su amsa waɗannan, tun da yake kuɗin na gida ne.

Na fari, cikin tafiyarka ta mako, nawa ce kwalta, nawa ce yashi? Ka lissafta har da gona da ziyarar dangi.

Na biyu, wane ne zai gyara ta, ina kuma kayan gyaran suke? Ka je wurin bakaniken tun ba ka saya ba, ka ce ya nuna maka bel da taya da idonka.

Na uku, me za ka ɗauka? Littattafai da cefane daban, buhun gero daban.

Na huɗu, in ka biya, me ya rage? A bar na takardu da lamba, da na hular kwano biyu, taka da ta wanda za ka goya. Tun 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗura ta fara tilasta sa ta, amma ko ba doka, kai ba shi da safaya.

In amsarka ta nuna kwalta ce hanyarka, daga Dawanau zuwa birni ka dawo, sikuta ƙarama mai lamba 125 ko 150 za ta hutar da kai. In rabin tafiyarka burtali ne, ka riƙe baburinka, ko ka sauko zuwa roba-roba. Babbar sikuta kuwa, a bar wa mai doguwar tafiya a kan titi, wanda aljihunsa zai ɗauki gyaranta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abokina ya yi mako biyu yana juya maganar. Ranar kwasa ya sayi roba-roba sabuwa, ya biya kuɗin makarantar yaransa biyu da abin da ya ragu. Har yanzu hoton nan yana cikin wayarsa, yakan duba shi lokaci-lokaci. Ni kuwa ina nan a kan tsohon baburina, ina lallashin gwiwa, gama gonata tana bayan yashi.